Hunturu da Haƙƙin Maƙwabci

Shekara a ƙasar Hausa kashi huɗu ce: damina, da kaka, da rani, da bazara. Kowacce da aikinta, kowacce kuma da irin wahalarta. Amma a farkon rani akwai waɗansu watanni kamar uku waɗanda suka fita dabam, su ne mu ke kira hunturu, ko lokacin ɗari. Ya kan soma wajen ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, ya yi sauƙi cikin Fabrairu, sa'an nan zafi ya karɓe shi. A wannan lokaci gari ya kan sake kama, har baƙon da ya san shi da damina in ya komo sai ya yi tsammani ya yi ɓatan hanya. Nufina a nan in bayyana yadda ƙaramin gari ke zama cikin hunturu, kana mu duba wata tambaya wadda sanyi ke ajiyewa a ƙofar kowane magidanci, watau in mutum ya kwana cikin ɗari ba mayafi, alhali kuwa gari cike ya ke da jama'a, alhakinsa yana wuyan wa?

Bari mu fara da asalin abin. Iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, daga cikin Hamada. Yawancin ƙurar da ta ke kawo mana kuwa daga wani kwari ne a ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele, can arewa maso gabas da Tabkin Cadi. Shekaru dubbai da suka wuce wurin nan ƙarƙashin ruwa ya ke, gama tabkin a wancan zamani ya fi na yanzu girma nesa ba kusa ba. Da ruwa ya janye sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar garin tuwo. Iska ta kan matso ta tsakanin duwatsun Tibasti da na Enedi, ta ƙara gudu kamar yadda ruwa ke yi in ya shiga indararo, ta kwashi ƙasar nan ta yi sama da ita. Cikin kwana ɗaya ko biyu ƙurar ta iso Kano, tafiyar fiye da mil 600. Wata ma har ƙetare teku ta ke yi ta sauka a ƙasar Barazil.

Dalilin sanyin kuwa shi ne bushewar iska. Da damina gajimare da laimar da ke cikin iska su kan zame wa ƙasa kamar bargo, su tsare zafin da ta sha da rana. Cikin hunturu babu wannan bargo, saboda haka da rana ta faɗi sai zafin ya tsere sama. A ma'aunin da ruwa ke daskarewa a 0, ya tafasa a 100, zafin rana a wajen Kano cikin Janairu ya kan kai kusan 30, amma da asuba ya sauko wajen 13, wani dare ma 10 ko ƙasa da haka. Mutumin Ingila in ya ji wannan zai ce ai ba sanyi ba ne. To, amma mu gidajenmu da tufafinmu duk don maganin zafi aka yi su, shi ya sa kaɗan ɗin nan ke shiga mana har ƙashi.

Mu ɗauki Kazaure misali, garin da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, wajen mil 50 daga Kano. Gari ne na sarauta tun zamanin Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar a 1819, tun 1991 kuwa yana cikin Jihar Jigawa. Abin da baƙo ke fara gani in ya doshi Kazaure shi ne duwatsunta. Ranar da hazo ya sauka sosai sai ka neme su ka rasa, kamar an kwashe su da dare. Sama ta yi fari fat, ba gajimare, ba shuɗi. Rana ta fito kamar faranti, har yaro ya iya dubanta ido da ido. Mota ta kunna fitila da hantsi. Abin da za ka gani a nan, shi za ka gani a Dambatta, ko Roni, ko kowane gari mai kama da su.

Da asuba masallaci ba ya cika kamar yadda ya saba, ruwan buta kuwa sai ka ce yankan wuƙa. Masu fitowa kowa ya ƙudundune, wani da gwado, wani da luru, wani ya naɗe kai da rawani har ido kaɗai a ke gani. Ba mai tsayawa doguwar gaisuwa. "Ina kwana? Yaya sanyi?" "Lokacinsa ne." Shi ke nan, kowa ya wuce. A bakin kwararo mai ƙosai ta hura wuta, yara sun kewaye ta da kwanoni, rabinsu don saye, rabinsu don jin ɗumi. Mai shayi shi ne sarkin safiya, benci ya cika maƙil, wanda ya sha kofi ɗaya ba ya son tashi. Hayaƙin murhu ba ya tashi sama, sai ya kwanta bisa soraye ya gauraya da hazo.

In hantsi ya dubi ludayi sai tsofaffi su fito su jeru jikin bangon da ke fuskantar gabas, suna shan hantsi, awaki ma su zo su raɓa. Kome na gari ya yi launi guda. Ganyen darbejiya ya yi furu-furu, kuka ta zubar da nata ta tsaya tsirara, gashin ido da gemu duk sun yi fari, saurayi ya zama kamar dattijo. Tela ya kaɗe kekensa, kafin azahar ƙura ta sake rufe shi. Wankin da aka shanya ya bushe kafin a gama ɗauraye na biyu. Leɓe ya tsage, faso ya buɗe a dunduniya, mai man kaɗanya ta yi ciniki. A kasuwa ga rake an jingine, ga dankali, ga gyaɗa, ga tumatir da albasa sun fara fitowa daga lambu, ga masu gwanjo sun baza rigunan sanyi.

Da la'asar sanyi ya fara dawowa. Shanu su komo daga kiwo cikin ƙura, ka ji kukansu tun ba ka gan su ba. Bayan magariba wuta ta tashi nan da can: ta mai tsire a tukuba, ta samari a dandali, da ta makarantar allo, inda almajirai ke kewaye karan da suka roro da rana suna karatu da haskensa. Kafin dare ya raba gari ya yi tsit, ba ka jin kome sai iska tana kaɗa kwanon rufi, da haushin kare, da tari daga wani zaure.

Ba shakka lokacin nan yana da albarka mai yawa. Sauro ya kan ragu. Hatsi ya bushe sarai a rumbu. Alkama ba ta yi sai da sanyi, don haka manoman rani a Kadawa, waɗanda ke shan ruwan madatsar Tiga da aka gama a 1974, su kan yi murna in ɗari ya yi ƙarfi. Magina su buga tubali ba fargaban ruwa. Ƙurar da matan gida ke tsaki a kanta ita ma taki ce ga gona. Lokacin bukukuwa ne kuma, da dambe, da kokawa, da farauta. Wanda ya ci ya ƙoshi, ya shiga ɗaki mai ƙyaure, ya ja bargo, in ka tambaye shi zai ce duk shekara babu barci mai daɗi kamar na hunturu. Gaskiya kuwa ya faɗi.

To, amma mu koma ga tarin nan da muka ji daga zaure. Wa ke yin sa? Sanyin da ya sauka a gari guda ne, bai san gidan attajiri ba, bai san bukkar talaka ba. Abin da ya bambanta shi ne abin da kowa ya tare shi da shi. Ga almajiri ɗan shekara bakwai, riga ɗaya, ya kwanta bisa tsumman tabarma a zauren da ba shi da ƙyaure. Ga tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi cin rani, ba mai yi mata itace. Ga ɗan garuwa wanda ruwa ke zuba masa a ƙafa tun asuba, faso yana jini. Ga mai gadin kasuwa, ga makaho, ga mai taɓin hankali da ke kwana a rumfa. Da zafi kowa ya fito waje ya kwana, ba ka rarrabe mai shi da marar shi. Hunturu ne ke tona asirin gari, ya nuna wanda ke da mutane da wanda ba shi da kowa.

Abin bai tsaya ga rashin jin daɗi kawai ba. Sanyi da ƙura su kan kawo mura da tari, su tayar wa mai fuka ciwonsa, su tsananta wa mai amosanin jini. Ƙaramin yaro ko tsoho in tari ya sauka masa a ƙirji ya zama ciwon haƙarƙari, kwana kaɗan ya isa a rasa shi. Sanƙarau ma cikin watannin ƙura ya ke somawa kafin ya yi ƙarfi da zafi, ya fi kuwa yaɗuwa inda mutane suka cunkushe a ɗaki guda. A annobar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, akasarinsu a Arewa. Ashe maganar mayafi da wurin kwana maganar rai ce.

In aka ta da wannan zance a majalisa, amsa uku a ke ji. Ya kamata mu auna kowacce da adalci, gama masu faɗinsu ba miyagun mutane ba ne.

Na farko ya ce, "Sanyi na Allah ne, talauci ma na Allah ne, kowa da abin da aka rubuta masa." Babu musu, ba wanda ya isa ya tsai da iskar Hamada. Amma mai wannan magana da kansa, in dare ya yi, ya kan tashi ya duba ko 'ya'yansa sun yaye mayafi, ya gyara musu. Bai taɓa cewa a bar su da abin da aka rubuta musu ba. Wanda ya saukar da sanyi shi ne ya ba ka gwado biyu, ya kuma sa ka ji tarin yaron nan. Ku duba kuma lokacin da hunturu ke zuwa. Ba ya zuwa cikin Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa kowa yana ta kansa. Sai an gama kaka, an yi sussuka, an fid da zakka, an sayar da gyaɗa da wake, sa'an nan ya iso. Cikin shekara duka babu lokacin da magidanci ya fi ikon taimako kamar wannan.

Na biyu ya ce, "Ai yana da uba. Wanda ya haife shi ya turo shi ba bargo, shi ke da laifi." Wannan magana tana da ƙarfi, ba kuwa za mu sassauta wa iyaye ba. Uban da ya ɗauki yaro ƙarami ya kai shi garin da ba shi da kowa, ba guzuri, ba sutura, ya yi shekara bai leƙa shi ba, ya tozarta amanar da aka ba shi, kome kyawun niyyarsa. Wajibi ne a gaya masa haka. Sai dai uban yana can wata ƙasa, yaron kuwa yana ƙofar gidanka yau da dare. In ka ga gobara a gidan maƙwabci ba ka tsayawa binciken wanda ya bar wuta, ruwa ka ke ɗaukowa, bincike ya biyo baya. Ka tuna kuma, watannin nan da 'ya'yan wasu ke kwana a zaurenka, su ne watannin da samarin garinku ke Kano, ko Kaduna, ko Ikko wajen cin rani, suna kwana a tasha da barandar kantuna. Ɗanka ma baƙo ne a ƙofar wani. Abin da ka ke fata a yi masa can, shi ne a ke jira ka yi nan. Don haka Hausawa suka ce ɗa na kowa ne.

Na uku ya ce, "Aikin hukuma ne." Lalle hukuma tana da nata kaso, babba kuwa: asibiti, da magani, da allurar rigakafi, da makaranta. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun kwashi almajirai a motoci sun mai da su jihohinsu. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta yi doka ta kafa hukumar kula da ilmin almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Amma kowa ya fita bayan isha'i cikin Janairu zai ga yaran suna nan. Hukuma tana aiki da takarda, takarda kuwa tafiyar hawainiya ta ke yi, sanyi ba ya jiran sa hannu. Wanda ke zaune a Abuja ko Dutse bai san zauren da ƙyaurensa ya ɓalle ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

A nan akwai abin tunawa daga zamanin En'e. Kowace shekara mai unguwa da dagaci da malamin haraji su kan bi gida gida, su rubuta kowane baligi, ba wanda ke ɓacewa, ko da bukkarsa tana bayan dutse. An rushe tsarin En'e a 1976, aka kawo ƙananan hukumomi, haraji da jangali kuwa Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a Jihar Kano a 1979, sa'ad da Kazaure ke cikinta. To, in an iya ƙidaya mutanen unguwa ɗaya ɗaya don a karɓa daga gare su, ƙaƙa za a ce ba a iya ƙidaya su don a san wanda ba shi da mayafi? Masu unguwa suna nan, limamai suna nan. Ku kuma da kuka fita ajin yaƙi da jahilci, ga alƙalami a hannunku. Takarda guda ta isa a rubuta tsofaffin unguwa marasa mataimaki, da makarantun allo, da yawan yaran da ke kwana a kowacce.

Wani zai ce, "Ni kaɗai ina zan iya da mabukatan duniya?" Ba wanda ya ɗora maka duniya. Dubi yadda hazo ke yi: ya ɓoye maka duwatsu da garuruwan nesa, ya bar maka abin da ke kusa, gidanka, da na maƙwabcinka, da bakin lungunku. Iyakar abin da ka ke hange ranar hazo, in ka ɗauki nauyinsa ka sauke naka. In kowane magidanci ya yi haka, ba sauran lungun da zai rage, gama kowane zaure yana kusa da gidan wani. Kakanninmu da wannan dabara suka zauna. Kowane gida da almajirinsa wanda uwar gida ta san sunansa, tana ajiye masa tuwo, in ya yi ciwo ta sani. Da dare magidanta su fito da akusa ƙofar gida a yi ciyayya, baƙo da marar shi su sa hannu ba mai tambayarsu. Tsohuwa kuwa a gina mata gadon ƙasa, a sa mata garwashi a ƙarƙashi. Ba su fi mu dukiya ba, sun dai fi mu sanin wanda ke kwana kusa da su.

Abin da a ke bukata ba mai yawa ba ne. Tsohon gwado da ke ƙasan adaka shekara uku ba a taɓa shi ba. Zana ko asabari a rataya a ƙofar zaure. Buhu ko kara a shimfiɗa ƙarƙashin tabarma, gama sanyin ƙasa ya fi na iska cin jiki. Dami guda na itace a kai wa tsohuwa. Ruwan zafi da ɗan mai ga yaron da ƙafarsa ta tsage. Kofin kunu da sassafe. In kuwa ka ji yaro yana tari, numfashinsa yana sauri, jikinsa da zafi, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti ran nan. A yi kyautar kuma cikin sutura. Akwai dattijon da zai gwammace ya kwana yana makyarkyata da a ce ya yi roƙo. Irin wannan a kan aika masa ne bayan duhu, ta hannun yaro, ba tare da shela ba.

Wajibi ne kuma a yi hattara da wuta, don ita ce abokiyar hunturu, ita ce kuma maƙiyiyarsa. Danga da jinka sun bushe ƙayau, iska tana kaɗawa, tartsatsi guda ya isa ya cinye unguwa da rumbunanta. Garwashi a ɗakin da aka toshe ko'ina yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, masu barci su wuce ba su farka ba. Wanda ya bar yara ba mayafi, dole su kwana jikin wuta, wutar nan kuwa in ta tashi ba ta tambayar gidan wa za ta shiga. Ashe bargon da ka bayar kariya ce ga naka rufin. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai itace guda a gonakinmu wanda ya kamata mu yi koyi da shi, shi ne gawo. Da damina, sa'ad da kowane itace ke taƙama da ganye, shi ya kan kaɗe nasa ya tsaya kamar busasshe. Sai rani ya shigo, ciyawa ta ƙone, sauran itatuwa da yawa sun tsiraita, sa'an nan ya yi kore shar, ya ba da inuwa, ya zubo wa tumaki da awaki 'ya'yansa. Amfaninsa ya zo daidai lokacin da a ke nemansa. Haka mutumin kirki ya ke. Masu kyauta ranar suna da ranar biki suna da yawa, domin ran nan akwai maroƙa da 'yan kallo. Daren hunturu kuwa ba mai gani.

Kwanaki kaɗan ne, jama'a. Kafin a ankara mangwaro ya yi fure, iska ta kwanta, duwatsun Kazaure su sake bayyana, a naɗe barguna a mai da su adaka, a koma kukan zafi. Amma yaron da aka lulluɓe ba ya mantawa da gidan da aka lulluɓe shi, ko ya yi furfura, wanda aka bari kuma haka. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Saboda haka in hunturun bana ya kama, kafin ka ja ƙyaure ka kwanta, ɗauki fitila ka leƙa zaure, ka leƙa lungu, ka tambayi mai unguwa wa ya rage. Allah ya ba mu ikon yi, ya kai mu bazara lafiya, amin.